Maɗaurin da Baba Zacharias ya ɗinka wa fulogi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kai wa Baba Zacharias gyaran takalmi, kuma ban taɓa ganin ya dubi fuskar mutum kafin ya dubi ƙafarsa ba. Ka yi masa sallama, zai amsa idonsa na ƙasa, sai ya gama nazarin abin da ka tako da shi sannan ya ɗago. Ranar da na fara tsayawa gabansa ina sabuwar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, ina ji da kaina kamar ni na gina Abuja. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Anti, kana jingina a ƙafan hagu. Na dama yana maka ciwo ne?" Hausarsa irin ta nan ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Na ji haushi sosai, don gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa gaya wa kowa gwiwata tana damuna ba.

A lokacin gida ɗaya muke haya a Dutse Alhaji, wani dogon gida mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna. Shi da matarsa Mama Angela da 'yarsu ɗaya tilo, Felicity, suna ɗakin ƙarshe kusa da rijiya. Shekara huɗu na yi a gidan kafin Allah ya buɗa mini na koma Gwarinpa. Masu gyaran takalmi ba su ƙare a Gwarinpa ba, amma har yau in tsinin takalmina ya karye sai in jefa shi a mota in kama hanyar Bwari. Abokan aikina suna mini dariya, ni kuwa ko a jikina.

Daga wani ƙauye a kudancin Kaduna ya zo, tun Abuja tana rabin daji. Leburanci ya fara, yana ɗaukar bulo a gine-ginen Gwarinpa, har ranar da ya faɗo daga bene ya goce a ƙugu. Da ya warke ya ga kaya ba zai ƙara hawa kansa ba, sai ya zauna gun wani tsohon shumeka a bakin titi ya koyi riƙe basilla. Bai yi boko mai nisa ba. Amma in zai yi maka sabon takalmi, sai ya ɗora ƙafarka a kan kwali ya zagaye ta da fensir, ya sa ka tashi tsaye ya sake zagayewa, wai ƙafar mai zama daban take da ta mai tsayuwa. Ba ya sauri, ba ya kuma son a sa shi sauri. Na sha yi masa tsiya cewa kafin ya gama ɗinki ɗaya an canja minista biyu.

Mama Angela kuwa ƙosai take soyawa a bakin hanya, da itace, shekara kusan talatin. Duk wanda ya taɓa jiran motar safe a wajen ya san muryarta, don tana suya tana waƙar coci, tana kuma yi wa direbobi faɗa. Hayaƙin nan ne ya cinye mata huhu a hankali. Tari ya fara, sai haki, har ta kai ba ta iya zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu. Likita ya ce sai an haɗa ta da injin da ke tace iska yana tura mata ta wata siririyar roba a hanci, kuma kusan wuni da kwana. 'Yan cocinsu suka yi karo-karo, wani ɗan uwansu da ke ƙasar waje ya aiko da injin. Yana tsaye gefen gado kamar ƙaramin firji, yana gurnani a hankali. In ya tsaya na 'yan mintuna, leɓɓanta su fara duhu.

Tun daga ranar Baba ya kwashe bencinsa daga bakin titi ya dasa shi a ƙofar ɗaki. Masu kawo gyara suka ragu, don ba kowa ke shigowa lungu ba. Bai damu ba. Abin da yake so shi ne ya riƙa jin gurnanin injin yana aiki.

To, matsalar ba a injin take ba, a bango take. Fulogin injin baƙo ne, bakinsa ba irin namu ba, sai an sa masa adafta. Kuma saboda wutarmu ta kan zo da hauka, aka ce sai an sa wani akwatin kariya tsakaninsa da soket. Sai ya zama abu uku a jere, akwati, adafta, fulogi, ga waya mai kauri kamar igiyar guga tana ja ƙasa. Duka sun fito daga bango kusan taƙi guda, kuma abin da ke riƙe da su 'yan ƙarafa uku ne cikin tsohon soket da ya gaji da duniya. A hankali sai kan ya sunkuya, ya sunkuya, sai ka ji injin ya yi tsit ya fara ƙara. Babu wanda ya taɓa shi. Nauyinsa ne kawai.

Babu dabarar da ba a gwada ba. An tokare da bulo, mai shara ta ture. An sa bokiti a kife, tsayinsa bai kai ba. An liƙa salatif, zafin Maris ya narkar da gam ɗin. An kira mai gyaran wuta ya canja soket, sabon ya yi sati uku shi ma ya saki baki, don nauyin bai canja ba. Mai gyaran ya ce a fasa bango a haɗa wayar kai tsaye, mai gida ya aiko cewa duk wanda ya buga ko ƙusa ɗaya a bangonsa ya haɗa kayansa. Ni kuma, da iliminmu na ofis, na ba da shawarar a rubuta wa mai gidan takarda. Baba ya dube ni, ya ce, "To, Anti," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Amma abin da ya fi nauyin fulogi haɗari shi ne 'yan dubiya. Ku yafe ni, dole in faɗa. Mu mutanen nan, in muka shiga ɗaki, kafin mu nemi wurin zama idonmu ya riga ya nemi soket. Waya a hannu, caja a jaka, batir saura kaɗan, kullum haka. Ɗakin Mama kuwa soket ɗaya ne tak, kuma ba ya rabo da mutane: Lahadi 'yan coci, Juma'a maƙwabta in an sauko daga masallaci, sauran ranaku direbobin da suka ci ƙosanta shekara da shekaru.

Wata Lahadi da rana matan zumuntar cocinsu suka zo su kusan goma sha biyar. Suka cika ɗakin, suka rufe ido, suka ɗauki waƙa da tafi suna roƙa mata lafiya. Ɗaya daga cikinsu, baiwar Allah, ta shigo a makare, ta ga wani tulin abu a bango, ta zare shi ta sa cajarta, ta shiga sahu ta rufe nata idon. Injin ya yi ta ƙara, waƙa ta danne shi. Mama tana ɗaga hannu, wadda ke kusa da ita ta ɗauka Ruhu ne ya sauko mata, ta kama hannun ta ɗaga shi sama tana ƙara murya. Baba yana waje. Shi ma ba ƙarar ya ji ba. Ya ce mini bencinsa yana jingine da bango, to sai ya ji rawar injin ta daina taɓa bayansa. Ya shiga, ya ratsa tsakaninsu, ya mayar da fulogin, ya tsaya riƙe da shi da hannu har aka ce amin.

Da ya ba ni labari na fusata ƙwarai. Na ce da ni ce, da tsintsiya zan raka su har titi.

Ya ce, "Anti Nafeesa, mutum ya bar gidansa, ya biya mota, ya zo yi wa matana addu'a. Da wane baki zan yi masa faɗa? In na yi, gobe ba zai zo ba. Ita kuma mutane ne maganinta na biyu."

Wani abu kuma da ban gaya masa ba shi ne, ni kaina na taɓa zama a ɗakin nan wayata tana kan kashi uku, ina satar kallon soket ɗin.

Washegari ya ɗauko kwali da fensir ya durƙusa gaban bango. Ya zagaye fulogin yana cikin soket, ya zagaye shi ta gefe, ya ɗora shi a tafin hannu yana jin nauyinsa. Kwana uku yana aikin. Ya yanko fata mai kauri irin ta tafin takalmin maza, ya huda ta daidai ramukan sukurori biyu na fuskar soket, aka kashe wuta aka ɗaura ta da sukurorin da ke wurin tun asali, don kada mai gida ya sami abin faɗa. Ko ƙusa ɗaya bai buga ba. A jikin fatar ya ɗinka wani ɗan aljihu daga ƙasa wanda ya tallafe nauyin duka, sannan maɗauri mai faɗin yatsa biyu ya zagayo ta bayan fulogin ya matse shi da bango. Ɗinkin nan, wallahi, ko a takalmin ango ban ga irinsa ba, kowane zare daidai da ɗan uwansa. Sai kuma ya roƙi maƙwabcinsa ya jawo waya daga ɗakinsa zuwa baranda, ya kafa ekstenshan mai baki shida, ya ajiye benci a gefe. Duk baƙon da ya zo, kafin ya cire takalmi Baba zai ce, "Kawo wayanka a sa maka caji." Mutane suka riƙa yabon karamcinsa, ba su san korar su yake daga bangon matarsa ba.

Daga ranar fulogin bai ƙara sunkuyawa ba. Saura ɗauke wuta, wannan kuwa ba ta da magani sai shiri. Felicity, da ta fara aikin koyarwa, ta sayo wani akwatin batir mai nasa soket, aka ajiye shi ƙarƙashin gado. Awa biyu ne iyakar ƙarfinsa, don haka ba a barin injin a kansa, sai in wuta ta tafi a zare fulogin daga bango a mayar can. Baba ne ke yin wannan, sau nawa a rana Allah kaɗai ya sani. Kafin fanka ta gama tsayawa ya riga ya shiga ɗakin. Shekara biyu cur bai yi nisan da zai daina jin injin nan ba. Coci ya daina zuwa, fasto ke biyo shi. Fata da zare aike yake bayarwa. Ko aski a ƙofar ɗakin ake masa.

Ana nan sai auren Felicity ya tashi. Angon wani malami ne abokin aikinta, Ebenezer, kuma a cocin su angon za a ɗaura, a Bwari. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma a wurin Baba kamar an ce masa Makka da ƙafa. Ya ce ƙaninsa zai riƙe hannun amarya ya miƙa ta. Felicity ta yi kuka har ta gaji. Na je kai takalmin da zan sa a bikin, na tarar ana ta fama.

Mama tana magana tana hutawa, kalma uku ta ja numfashi. Ta ce, "Zakka, ɗiya ɗaya Allah ya ba mu. Ni ba zan gani ba. Kai ma ba za ka gani ba? To wa zai ba ni labari?"

Ya ce, "Za a ɗauka a waya."

Ta ce, "Waya ne ya haife ta?" Sai ta kai hannu ta kama robar hancinta. "In ba ka je ba, ranar zan cire wannan da kaina, ka zauna ka yi gadin fulogi shi kaɗai."

Ya san ta. Matar da ta yi shekara talatin tana faɗa da direbobi ba ta barazanar banza. Ya sunkuyar da kai, ya ce to wa zai zauna, tunda duk matan coci suna can, maƙwabta ma an gayyace su. Bakina ya riga hankalina, na ce ni. Na ce bikin ya wuce ni ba komai, ai ba wani aiki ba ne, zama ne kawai. Har da ƙarawa cewa ni da nake kula da sashe guda a ma'aikata, fulogi ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ranar Asabar na iso da hantsi. Baba yana cikin kwat ɗin aro, hannun ya yi masa tsawo, amma takalminsa da ya yi da kansa yana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ya durƙusa da kwat ɗin gaban bango ya ce in matso ya nuna mini. Ya jawo akwatin batir, ya nuna mini inda ake kunnawa. Ya ce, "In an ɗauke wuta, kada ka ja fulogin. Abin da za ka yi shi ne..." Daidai nan wayata ta yi ƙara. Oga ne, darakta, ranar Asabar, yana neman wata takarda da shi da kansa ya ajiye a motarsa. Na sa wayar a kunne ina "Yes sir, yes sir," ina gyaɗa wa Baba kai, ina ganin bakinsa yana motsi, hannunsa yana nuna wani abu wajen gado. Da na gama ya ce, "Ka gane?" Na ce, "Haba Baba, na gane mana." Mota tana ta hon a waje. Ya je ƙofa ya dawo sau biyu, sai da Mama ta daka masa tsawa da ɗan numfashin da take da shi sannan ya tafi.

Muka zauna muna hira. Ta ba ni labarin yadda ya fara zuwa sayen ƙosai kullum alhali ƙosai yana ɓata masa ciki. Muka yi dariya har ta yi tari. Damina ce, wajen sha biyu sai gari ya haɗe ta gabas, iska ta fara buga kwanon rufi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ke biyo bayan wannan iskar. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Injin ya yi tsit, sai ƙara mai tsini.

Na tashi da saurina, na jawo akwatin batir, na kunna, fitilarsa ta kawo. Saura in zare fulogi. Na nemi inda maɗaurin yake buɗewa, ban gani ba. Babu maɓalli, babu ƙulli, fata ce kawai ta zagayo ta shige ta bayan aljihun. Na ce bari in ɗan ja. Ko motsi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji abin ya ƙara matsewa a hannuna. Na sa hannu biyu, na tokare ƙafa da bango, ni da zanina na biki, ina ja ina salati. Farcena biyu suka karye. Na ruga waje wurin bencinsa neman wuƙa, ya kulle akwatin kayan aikinsa da kwado. Na ƙwala kira, gidan ba kowa, duk suna Bwari suna cin shinkafa. Na kira wayar Baba, tana ta ringin, wa zai ji waya a tsakiyar coci.

Na dawo na sake kama fulogin. Na waiga na dubi Mama. Ƙirjinta yana sama yana ƙasa da sauri, leɓɓanta sun fara canja launi, bakinta yana motsi. Ni kuma ina ta ihu, "Mama kwantar da hankalinki, yanzu zan cire, kada ki yi magana!" Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, mutumin nan ya tsare matarsa shekara biyu, ya ba ni ita awa biyu, zan kashe masa ita saboda takardar oga.

Sai da ta ɗauki kofin roba ta jefe ni da shi a baya sannan na saurara. Muryarta kamar ta mai raɗa. Ta ce, "Saki."

Na ce, "Mama?"

"Saki. Cire hannunka."

Na saki. Na ja da baya ina haki kamar ni ce mara lafiyar. Ta miƙa hannu gefen katifa, inda wata 'yar siririyar igiya take rataye a jikin ƙarfen gado, wadda tun safe nake ganinta na ɗauka ta labule ce. Ta kama ta da yatsa biyu, ta ja. Ban ma ga ta yi wani ƙarfi ba. Na ji ƙit, wata 'yar sakatar katako da ba ta kai ƙaramin yatsana ba ta zame daga bayan aljihun, maɗaurin ya buɗe ya faɗi gefe, fulogin yana zaune a aljihunsa yana jira a ɗauke shi. Na zare shi da hannu ɗaya, na cusa a akwatin batir. Injin ya yi tari, ya kama gurnani.

Na zube a ƙasa ina kallonta har launin bakinta ya dawo. Sannan na juya ina kallon bangon nan. Na ɗauki sakatar na juya ta a hannu. Santsi gare ta kamar an lashe, tana ƙamshin kakin zuma. Igiyar ta bi ta cikin wasu 'yan zobba na tsohuwar jaka, ta bi gindin bango, ta hau ƙafar gado, ta tsaya daidai inda hannun mai kwance zai faɗa. Sai a lokacin na fahimci abin da ya ƙera. Duk wanda ya zo da ƙarfi ya ja fulogin, shi da kansa yake danne sakatar, ƙarfinsa ne ke kulle ta. Ƙato goma ba za su cire shi ba. Amma mace mai rabin numfashi, tana kwance, za ta buɗe shi da yatsa biyu. Na yi karatu har digiri na biyu, na zauna taro da injiniyoyi masu ƙaton suna, ban taɓa tsayawa gaban aikin hannun mutum na ji kaina ƙarama haka ba. Abin da ya fito bakina kawai shi ne, "Allahu Akbar."

Mama ta ce, "Amin," ta yi ɗan murmushi. Da ta ƙara samun numfashi ta ce, "'Yata, kada ka faɗa masa. In ya ji, ko bayi ba zai ƙara zuwa ba."

Na yi mata alkawari. Wuta ta dawo bayan awa ɗaya da 'yan mintuna, ruwa ya tsagaita. Tana kwatanta mini, na mayar da fulogin bango, na zagayo da maɗaurin, na zura sakatar a wurinta. Na share ɗakin, na tsince gutsattsarin farcena, na wanke fuska. Na duba ko'ina na tabbatar babu wata alama.

Bayan la'asar ya dawo, tun ba a yanka kek ba ya baro su. Ya shigo da ledar shinkafa da nama, ya zauna bakin gado, ya fara ba ta labari tun daga ƙofar coci: yadda rigar Felicity ta share ƙasa, yadda Ebenezer ya rikice ya sa zoben a yatsan da ba shi ba, yadda shi kansa da fasto ya tambayi wa ke ba da wannan yarinya, sai da ya amsa sau biyu kafin a ji shi. Mama tana dariya tana hawaye, tana cewa ya sake faɗin na zoben. Sau ɗaya kawai na ga idonsa ya je bango ya dawo. Ya tambaye ta ko lafiya suka wuni, ta ce lafiya lau, ko ƙyaftawa wuta ba ta yi ba. Ya ce madalla.

Ya ce zai raka ni mota. Muna tafe cikin lungu yana tsallake taɓo da sabon takalminsa, har muka kai. Na buɗe ƙofa, sai ya ce, "Akwai shatin farce a jikin fatan."

Na ɓoye hannuna cikin mayafi, kamar hakan zai yi wani amfani. Na ce, "Baba, ka yafe ni. Ban saurare ka ba da safe. Laifina ne."

Bai ko kula da wannan ba. Ya ce, "Wa ya ja igiyan? Kai ne, ko ita?"

Na ce, "Ita ce."

"Da kanta? Ba ka taya ta ba?"

"Ko taɓawa ban yi ba. Da yatsa biyu ta ja."

Sai ya dafa motar, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa zai yi, na kuma shirya karɓa. Da ya ɗago idonsa ya cika. Ya ce tun da ya ɗaura igiyar bai taɓa bari ta ja ba, kullum yana riganta, don yana tsoron ya tsaya yana kallo ta ja abin ya ƙi. Ya ce, "Kowane safe ina ba ta yatsana, in ce ja mu gani ko ka ci abinci. Ita tana ɗauka wasa ne. Ni kuma ina auna hannunta. In na ji ya rage, sai in fito in kankare sakatan kaɗan, in shafa kaki."

Na ce, "Shekara biyu kana wannan?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ran Laraba na kankare na ƙarshe. In na ƙara ko kaɗan, ba zai riƙe fulogin ba kuma. Yau a coci ina riƙe da hannun Felicity, ina ta tunani, ko ya isa, ko bai isa ba." Ya share fuska da dogon hannun kwat ɗin aro. "Ashe ya isa. Yau dai ya isa."

Ya ce in gaida gida, in yi hankali da ramin da ke bakin kwalbati. Sai ya juya da ɗingishinsa ya koma cikin lungun da sauri, don iska ta sake tasowa.